Kunnen Mai Agogo

Shekara arba'in da ɗaya Mai Agogo ya yi a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene da ke kallon tashar bas, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa samun mai jin tsoronsa ba. Har kyanwar da ke kwana a kan ƙafarsa ta raina shi. Wurin nasa ma, in an kira shi shago, kara ce kawai ake yi masa. Tebur ne mai murfin gilashi, da kujera ɗaya, da fitila mai dogon wuya, da durowa uku maƙil da matattun agoguna waɗanda masu su suka ce gobe za su dawo, yau shekara goma sha. Idan ya zauna, tsakanin hularsa da siminti bai fi yatsa biyu ba. Masu hawa da sauka suna taka saman kansa tun safe har yamma, shi kuwa ko a jikinsa.

Dogo ne siriri, mai manyan kunnuwa da suka ɗan yi gaba kamar suna so su riga shi jin magana. Da kunnen kuwa yake fara aiki kafin hannu. In ka kawo masa agogo ba zai buɗe ba tukuna. Sai ya ture hularsa baya, ya manna agogon a kunnen hagu, ya karkatar da kai har ya kusa kwanciya a kafaɗa, idanu a buɗe amma ba kai yake kallo ba. Sannan ya ɗauke numfashi. Wannan ɗauke numfashin ubangidansa ne ya koya masa da ranƙwashi tun yana ɗan shekara goma sha biyar, domin a cikin tsohon agogo akwai wani sifirin da bai kai kaurin gashi ba, hucin hanci kaɗai ya isa ya tashe shi daga tebur, in ya tashi kuwa sai dai ka haƙura. Mai Agogo yakan yi kusan minti biyu ƙirjinsa bai motsa ba. Daga nan ya kaɗa harshe a hankali, cak, cak, cak, yana gwada bugun agogon da wanda ke cikin kansa, sannan ya yanke hukunci. Ko ya ce "Yana tafiya," ko ya ce "Ya tsaya." Ba ya ƙara kalma ta uku sai an tambaye shi.

Maƙwabcinsa mai gyaran waya ne, wani ƙaton mutum mai surutu da ake kira Injiniya, ko da yake har yau ba a gano makarantar da ta yaye shi ba. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Baba, sana'ar nan fa ta mutu, kai ne ba a kawo wa labari ba. Yau wa yake tambayar agogo lokaci?" Mai Agogo ya ce, "To," ya ci gaba da aikinsa.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta taɓa shakkar kunnensa ba, jikarsa. Shekararta shida, ba ta iya zama wuri ɗaya, shi ya sa ya laƙaba mata 'Yar Sakan, saboda siririn hannun agogon nan da ba ya hutawa. Bakwaini aka haife ta. Ranar da aka kawo ta gida a naɗe cikin tawul, uwarta, wato 'yarsa, wadda ita kanta nas ce, ta ce likitoci sun tabbatar lafiyarta ƙalau. Ya ce to. Tana juya baya ya ture hula, ya sa kunne a ƙirjin jaririyar, ya ɗauke numfashi. Abin da ya ji bai taɓa jin irinsa a cikin agogo ba, ɗan ƙarami, mai sauri, kuma ba ya tsallake ko bugu ɗaya. Ya ce, "Yana tafiya." Washegari ya sake. Shi ke nan abu ya zama jiki.

Uban yarinyar direban babbar mota ne, sai ya yi wata ba a gan shi ba, uwar kuma yawanci tun ƙarfe shida take fita. Don haka kai 'Yar Sakan makaranta ya zama aikin kaka. Kullum kafin su fita sai ta tsaya a bakin ƙofa da yunifom da jaka, ta buɗe hannuwa, ta ce, "Kaka, duba ni." Shi kuma ya durƙusa, gwiwoyinsa su yi ƙas, ya ƙwanƙwasa mata goshi sau biyu da ɗan yatsa kamar mai neman izinin shiga, ya ture hula, ya karkatar da kai. Cak, cak, cak. "Yana tafiya." Ta ce, "Daidai?" Ya ce, "Daidai da na rediyo." Akwai ranar da suka makara ya manta, sai a bakin titi ta tuna, ta kuwa tsaya ƙyam ta ce ba za ta tsallaka ba sai an duba ta. A nan gefen kwata ya durƙusa, masu babur suna kallonsu.

Ana nan, wata rana wata mata ta sauko daga mota, ta sunkuyo ƙarƙashin matakalar da agogon marigayi mahaifinta a cikin hankici. Mai Agogo ya yi abin da ya saba. Da ya ɗago ya ce ya tsaya, sai ya ga matar ta ja da baya taku ɗaya tana shafa damtsenta.

"Baba, ka san tsawon lokacin da ka yi ba ka ƙifta ido ba?"

"Ban ƙirga ba."

"Tsigar jikina ce ta tashi," in ji ta, tana murmushi kamar wadda aka yi wa albishir.

Ya buɗe agogon ya nuna mata. Sifirin ɗin ne ya tsinke, kuma irinsa an daina yi tun kafin a haife ta. Ya ce ta bar shi, zai tona durowoyinsa, wataƙila a dace. Ita kuwa hankalinta ya riga ya bar kan agogo. Ashe ita ce daraktar shirin ban tsoron nan da ake nunawa a talabijin kowace Laraba da ƙarfe takwas, wanda ya sa manyan mutane masu gemu suke neman rakiya zuwa kicin. Tsoho take nema don kashi na bakwai. Ta gwada 'yan wasa goma sha ɗaya, kowanne sai zare ido da gurnani yake yi mata. Ta ce kwana biyu kawai aikin zai ci.

Mai Agogo ya ce shi ba ya ma kallon abin. Injiniya, wanda kunnensa ke kan maganar tun farko, ya diro daga shagonsa da sukudireba a hannu. Shi kam bai taɓa rasa kashi ɗaya ba, har wani zaure gare su a waya, su ɗari huɗu, inda suke wuni suna gardamar wa zai mutu a mako mai zuwa. Ya ce, "Baba, in ka ƙi, wallahi ni da kai mun ɓata." Ya yi ta yi har tsohon ya amsa, don dai ya samu lafiyar kunnensa.

Aka kai shi wani tsohon gida a bayan gari, inda ya ga ikon Allah, wai ana ɗaukar mutum aiki musamman don ya yayyafa ƙura a kan kujeru. A falon akwai agogon bango da aka tsayar da gangan a kan ƙarfe uku. Kafin a gama jera fitilu ya sauke shi ya gyara ya mayar, sai da aka yi rabin awa ana neman wanda ya yi wannan ɓarna.

Labarin ba shi da wuya. Wasu iyali ne suka tare a gidan, sai wani tsoho ya riƙa bayyana da rana tsaka ba sallama, ya sa kunne a ƙirjin mutum, duk wanda ya saurara kuwa ba ya kai mako. An tanadar masa baƙar riga da jan fenti na baki. Daraktar ta dube shi sau ɗaya ta ce a kwashe, a bar shi da rigarsa da hularsa. Magana ɗaya tak aka ba shi, "Ya kusa tsayawa," ita ma shi kaɗai ya faɗa wa kyamara, ba kowa a gabansa.

Ta ƙarshe da zai saurara ƙaramar yarinyar gidan ce, sa'ar jikarsa. Yarinyar da ke wasan ta tsorata da fitilu da wayoyi da ƙartin da ke tsaye a kanta, ta fara kuka, aka yi rarrashin duniya abin ya ƙi. Mai Agogo ba ya iya jure kukan yaro. Ba wanda ya sa shi, ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙas, ya ƙwanƙwasa mata goshi sau biyu, ya ture hula, ya karkatar da kai. Cak, cak, cak. Yarinya ta fashe da dariya, ta ce kunnensa yana yi mata cakulkuli. Ya ce mata yana tafiya, daidai da na rediyo. Daraktar ta raɗa wa mai kyamara kada ya kuskura ya kashe. Sau uku suka sake, kowane karo da dariya ake ƙarewa, har masu riƙe fitilu suna tayawa.

Ya koma gida zuciyarsa wasai. A nan ne fa ya yi kuskuren, kuma kuskure ne irin na mai gyaran agogo. A sana'arsa, duk abin da ka ciro sai ka mayar da shi inda yake, ko da ƙusa ce da ba ta kai ƙwayar yashi ba. In ka rufe agogo ka ga wani abu ya ragu a kan tebur, to ba ka gama ba. Bai san akwai sana'ar da gwanintarta ita ce a zubar da rabi ba. Shi a ransa, duk wanda ya ga durƙuson zai ga dariyar.

Larabar da aka nuna kashi na bakwai, yana gida yana taya 'Yar Sakan lissafi, talabijin a kashe, don uwarta ta kafa doka a kan shirin. Washegari ya tarar da Injiniya tsaye a bakin matakala, idanu jajur, waya a hannu.

"Baba, ka cuce mu. Matata ta ce kar in ƙara matso da kaina kusa da ita, wai kunnena take gani."

Ya danna masa guntun bidiyon. Mai Agogo ya ga kansa a falon nan, ba kiɗa, ba komai sai bugun agogon bangon da ya gyara. Ya ga kansa ya durƙusa, an ƙara wa ƙarar gwiwar ƙarfi har kamar an karya itace. Ya ga ƙwanƙwasa goshin. Fuskar yarinyar kuwa ta lokacin da take kuka ce aka ɗauko aka liƙa. Sai muryarsa ta fito a hankali ta ce ya kusa tsayawa, allo ya yi baƙi.

"Ina dariyar?" ya tambaya.

"Wace dariya?"

"Sun rage wani abu."

Injiniya bai ma ji shi ba, ya riga ya shiga karanto abin da mutane suka rubuta. Wata ta ce ta sauke agogon ɗakinta ta kai kicin ta rufe a cikin tukunya, amma har yanzu tana jin sa. Wani ɗalibi ya zauna ya ƙirga, minti ɗaya da sakan hamsin da biyu ba ƙiftawa ba numfashi, ya rantse da na'ura aka haɗa, ɗan adam ba zai iya ba. Mutum dubu biyu suka taso masa, wasu na cewa gaskiyarsa, wasu na cewa hassada ce. Wani likita ya ce da safe ya ɗauko abin sauraron ƙirji, majinyacin ya roƙe shi a bari sai gobe. Wani kuma ya ce shi ya daina kallon shirin har abada, sannan a ƙasa ya tambaya ƙarfe nawa ake maimaitawa. Tuni suka raɗa wa tsohon suna, Mai Sauraro.

Akwai wata malamar makaranta da ta yi ritaya, ita nata ya fi tsawo. Ta ce shekara da shekaru tana kallon irin waɗannan shirye-shirye, duk jini ne da ihu da duhu, amma wannan ba ko ɗaya. Tsoho ne kawai ya durƙusa a gaban yarinya da rana tsaka kamar yana ƙaunarta, wannan ne ya sa abin ya fi ƙarfin mutum. Ta ce ko wane ne shi, gwani ne, a kai masa gaisuwarta.

Mai Agogo ya ce a sake karanta masa wannan.

Kafin la'asar an gano wurinsa. Mutane suka riƙa zuwa da agoguna masu lafiya garau, don dai su ga ya karkatar da kai. 'Yan mata na tura juna gaba, kowace na cewa ke fara. Wani ma'aikacin banki da kwat ɗinsa ya sunkuyo ya buga kai da siminti wajen neman hoto, ya tafi yana murna. Kuma a faɗi gaskiya, tsohon ya ji daɗi, daɗi sosai. Shekara arba'in da ɗaya ana taka saman kansa ba wanda ya leƙo ya ce sannu da ƙoƙari, yau ga shi abin da ya koya da ranƙwashi ana kiransa gwaninta. Maganar abin da aka rage ta sulale daga ransa. Ranar Asabar har sabuwar hula ya saya.

Dokar uwar ta tsare talabijin ɗin gida, amma ba ta kai filin makaranta ba. Tun ranar Juma'a yara suka fara bin juna da karkataccen kai suna cak, cak, cak. Wata 'yar babban aji ta nuna wa 'Yar Sakan guntun a waya, ta ce mata, wannan ba kakanki ba ne, ai duk wanda ya saurara mutuwa yake yi. Asabar da Lahadi yarinya ta liƙe wa uwarta, shi ya ɗauka zazzaɓi ne.

Ranar Litinin uwar tana gida, sai da rana za ta fita aiki. Mai Agogo ya tsaya a bakin ƙofa da sabuwar hularsa yana jiran a ce duba ni. Yarinya na tsaye da jaka, kai a ƙasa. Ya ce a ransa ko girma ne ya fara zuwa da kunya, sai ya durƙusa da kansa. Gwiwoyin suka yi ƙas. Tana jin ƙarar ta rungume ƙirjinta da hannu biyu, ta yi baya har ta bugi bango. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi da ya fi masa sauƙi. Cikin wata 'yar ƙaramar murya ta ce, "Mama, ki ce masa kar ya saurare ni."

Ya ci gaba da zama a durƙushe, yatsansa a sama, ya rasa inda zai kai shi.

Uwar ce ta kai ta makaranta. Da ta dawo ta same shi a kan kujera bai fita ba. Ta ɗauko wanki ta fara ninkewa, ba ta dube shi ba.

"Baba, na ga abin a wayar abokiyar aikina. Kowa a asibiti yaba ka yake yi." Ta ninke tawul ɗaya, ta ninke na biyu. "Amma duk abin da ke gare ka a duniya, ka rasa wanda za ka ba su sai nata? Har ƙwanƙwasa goshin?"

"Yarinyar shirin ce take kuka."

"To ga taka nan tana yi."

Daga ranar wata maƙwabciya ce take kai 'Yar Sakan makaranta tare da nata yaran. In ya shigo falo, yarinya ta shige ɗaki. Da filo a rungume take barci. Ya ajiye mata alewa a kan tebur, tururuwa ce ta amfana. Ya kawo mata ɗan agogon roba mai hoton kifi, ya kwana uku inda ya ajiye shi. A titi kuwa sai ƙara son sa ake yi. Wani saurayi ya tare shi a tasha ya buɗe ƙirji yana dariya ya ce, "Baba, don Allah saurare ni," tsohon ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, ya kauce ya wuce.

A mako na biyu ya sa tsohuwar hularsa ya tafi ofishin daraktar. Ta tashi tsaye ta tarbe shi, ta ce ai ita ma nemansa take yi, masu kallo sun hana ta sakat, kashi shida take so ta ƙara masa. Ya bari ta gama, sannan ya gaya mata abin da ya faru. Matar ta zauna a hankali. Ba muguwa ba ce, aikinta ta yi, kuma ta iya shi. Ta ce ba ta san wasan na wata ba ne, ta ba shi haƙuri har sau uku.

"Abin da kuka rage kawai nake so," ya ce. "In ba ku share ba."

Ba su share ba. Ta sa aka nemo, aka tura a wayar 'yarsa. Da zai fita ya juyo ya ce mata bai manta da agogon mahaifinta ba.

Da yamma uwar ta ɗora yarinyar a cinya ta kunna mata. Shi yana bayan ƙofa, da kunnen nan nasa da ba abin da ke wuce shi. Ya ji gwiwa, ya ji cak, cak, cak, ya ji dariyar ta cika ɗakin, ya ji muryarsa tana cewa daidai da na rediyo.

"Kin gani?" in ji uwar. "Wasa ne. Dubi yadda take dariya."

Can yarinyar ta ce, "Ai don ba ta san abin da zai same ta ba ne."

Ya koma ɗakinsa a hankali, yana ɗaga ƙafa don kada takalmi ya yi ƙara.

Bai koma shirin ba. Injiniya ya kusa yin kuka, ya ce mutum dubu tara sun sa hannu suna roƙon a dawo da Mai Sauraro. Tsohon ya ce ya gaishe su. Da labari ya bazu cewa ya ƙi, sai yabon ya ƙaru, wai wannan shi ne gwani na gaske, ya fito sau ɗaya ya bar mutane da abin faɗa. Injiniya ya so ya karanta masa, ya ce a bar shi.

Tunda ba wadda zai kai makaranta, tun bakwai yake buɗe wurinsa, ya zauna yana tonon durowa don ya rage wa kansa tunani. A ƙasan ta uku, cikin wani agogo da murfinsa ya yi kore, ya samu sifirin ɗin da yake nema, lafiyayye, shi kaɗai tilo. Amma ba shi da halin sa shi a can, mutane sun yi yawa, kowa na sunkuyo masa da hucinsa. Sai ya naɗe shi da agogon daraktar ya kawo gida ranar Asabar.

Ranar kuwa aka kira uwar aiki ba shiri, maƙwabciya ta yi tafiya, ba wanda za a bar wa yarinya sai shi. Uwar ta durƙusa ta ce mata ta zauna a ɗaki, a bar ƙofa a buɗe, Kaka ba zai shigo ba. Ta juyo ta dube shi. Ya ce, "Ba zan shiga ba."

Ya ja teburin cin abinci kusa da taga, ya rufe tagar, ya kashe fanka, ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya maƙala gilashinsa a ido, ya ɗauki sifirin ɗin da hantsaki. Aiki ne na zama ɗaya, in ka fara ba ka da damar sakewa sai ya zauna a gurbinsa. Ya sunkuya, ya ɗauke numfashi.

Ya kai minti ɗaya a haka sai ya ji tafin ƙafa a kan tayil. Ya ji an tsaya. Ya ji an ce, "Kaka." Bai amsa ba, ba a amsawa a wannan gaɓar, ko wuta ce ta tashi. Aka sake cewa, "Kaka." Shi bai san yadda yake a idonta ba, tsoho a sandare a kan kujera, kai a karkace, ƙirji ba motsi, ɗaki tsit ba ko fanka. Ta daɗe tana leƙensa ta bakin ƙofa, tana jira ya motsa, bai motsa ba.

Sai ya ji ta kutso ta ƙarƙashin hannunsa, tsakaninsa da tebur. Ta ture gaban rigarsa, ta manna kunnenta a ƙirjinsa. Hannunsa bai girgiza ba, shekara arba'in da ɗaya ba wasa ba ne. Saura juyi ɗaya sifirin ya zauna, sakan goma ne ko sha biyar.

"Kaka," ta ce, ta fara kuka, "ba ka numfashi."

Ya saki numfashin gaba ɗaya, da ƙarfi, har da ƙara, kamar wanda ya hau bene hawa biyar. Ya ga sifirin ɗin ya yi wani ɗan ƙyalli a iska, shi ke nan bai sake ganinsa ba. Ya ja wani numfashin ya sake saki, ya ja ya saki, don ta ji ƙirjin yana ɗaga kanta yana saukewa.

Ta daɗe a wurin. Kukan ya ragu ya koma shessheƙa. Sannan ya ji ta gwada kaɗa harshe, bai fita da kyau ba, don haƙoranta biyu na gaba sun faɗi.

"Yana tafiya," ta ce.

"Daidai?"

Ta ƙara saurarawa da gaske, fuska a ɗaure. "A'a. Yana gudu da yawa."

"Zai daidaita."

Murna ta ɗebe shi, hannunsa ya tafi ga hula zai ture ta baya. Nan take ta janye, ta rufe ƙirjinta da hannu biyu. Ba ta gudu ba, amma ba ta sauke hannun ba.

"Ni kaɗai zan riƙa yi," ta ce. "Kai ka daina."

Ya mayar da hular daidai. Ya ce, "To."

Sun share falon tare da yamma, ita da tsintsiya shi da maganaɗisu, ba su ga komai ba. Ranar Litinin ya kira daraktar ya gaya mata ya samu sifirin ɗin kuma ya ɓatar da hannunsa, abin da bai taɓa faɗa wa mai kaya ba tunda ya fara sana'a. Ta ce ya riƙe agogon, wataƙila a sake dacewa. Yana nan a durowa ta farko.

Har yanzu ana maimaita kashi na bakwai, har yanzu ana gardamar ko da na'ura aka haɗa, Injiniya kuma yana rantsuwa a zaurensu cewa shi da idonsa yake ganin abin kullum. Kai 'Yar Sakan makaranta ya dawo hannun kaka. Da safe takan jawo ɗan bencin wanke hannu zuwa bakin ƙofa, ta hau, ta ce, "Kaka, zo in duba ka." Shi kuma ya tsaya a miƙe, hannuwa a baya, hula a kan kunne, yana numfashi da ƙarfi yana jiran hukunci. Wata rana ta ce daidai, wata rana ta ce ya yi latti da minti biyu, duk yadda ta ce haka ne. Bugun nata ƙirjin kuwa, har yau bai sake ji ba.